Mai Cirar Auduga a Gonar Takardar Liatu

SHAFI NA 9

"Kwalin nan gaba ɗaya nake so," in ji Liatu.

Adewale mai hoto ya dafe kwalin da hannu biyu kamar za a ƙwace masa ɗa.

"Haba Madam! Fuskokin mutane ne fa a ciki."

"Fuskokin da masu su suka manta da su. Mutum ya zo ka ɗauke shi, ya tafi bai dawo karɓa ba. Kyankyasai kake ajiye wa?"

"To ni me zan samu?"

Liatu ta juyo ta dube ni. Ni kuwa aikina ke nan tun ina da baƙin gashi. Duk inda mutum biyu suka cije, Ɗanasabe dillali ake kira.

Na ce, "Ɗan Yarabawa, buɗe kunnenka. Hoton da take haɗawa a bangon sabon ofishin Alhaji Ummaru za a kafa shi, bakin fulotin auduga. Duk manomin da ya fito daga Maska ko Danja da kayansa sai ya tsaya a gabansa. A gindin hoton za ta liƙa sunan shagonka da manyan baƙaƙe."

"Manya kamar yaya?"

"Kamar kanka."

Ya shafa kan nasa. "Kaina fa ba ƙarami ba ne."

"Shi ya sa na auna da shi."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya tura mata kwalin. "Na sallama."

"Allah ya sa albarka," in ji ni.

Ko kwabo bai gilma tsakaninsu ba. Amma wallahi a duk cinikin da na ƙulla a Funtua ban taɓa ƙulla wanda ya girgiza gari kamar wannan ba.

Barakatu, na ga abin da kika rubuto, wai na cika jan rai. Yi haƙuri 'yata, yatsan tsoho ne, yaƙi da jahilci kawai na yi. Kai kuma Abdussamad da ka ce ai cire kan mutum a ɗora shi a wani wuri aikin ƙiftawar ido ne a waya, gaskiyarka. Na ga yadda kuke yi, ku haɗa mutum da jirgin sama da fure da hasumiya, har ku ce baje koli kuke. Amma a shekarar saba'in da tara, muna jihar Kaduna, wayar Liatu reza ce da almakashi da jiƙaƙƙen ƙaro a kofin silba. In ta yanke, ta yanke. Babu wurin dannawa ya dawo.

Don waɗanda suka same mu a hanya: Liatu 'yar Malumfashi ce, tela ce da ta bar keke ta kama liƙa takardu. Alhaji Ummaru, attajirin auduga, shi ya sa ta ta yi masa gonarsa ranar cira, a kan katako mai faɗin ƙofa biyu. Ƙasar gonar ta yi ta da takardar buhun siminti. Sama, shuɗin kwalin sukari. Motar ɗaukar kaya ta yanko ta daga tsohuwar kalanda, ta yi mata fitilu da ƙyallin kwalin sigari. Audugar kuwa ta gaske ce, ta bi ta manna ƙulli-ƙulli.

Mutane ne suka gagare ta. Mujallun da take samu duk Turawa ne da Indiyawa. Da ta gwada sa su, Alhaji ya leƙa ya ce, "Ke Liatu, a ina kika taɓa ganin Bature ya duƙa yana min cirar kaɗa?"

Dalilin kwalin Adewale ke nan. Tun daga ranar da ta ɗauke shi ta rufe aikin da zane, ko ni ba ta bari in leƙa ba.

To, ranar buɗe ofis, ciniki biyu gare ni a wurin. Na farko hoto. Na biyu gona.

Akwai wata gona a bakin rafi wajen Maska, mai kyau, ƙasa baƙa wul. Ta Istifanus ce, wanda ya shiga soja lokacin yaƙin basasa bai dawo ba. Ba gawa, ba labari. Matarsa Matta ita ke nomanta, da ita ta ciyar da 'yarsu Atu har ta zama budurwa. Dattawan gidansu suka gaji da jira, suka ce ya mutu, magana ta koma hannun ƙanensa Isaiah. Isaiah ya same ni ya ce a nemo mai saye. Na kai wa Alhaji. Aka sa wannan ranar, mai unguwa zai zo da shaidu, ana gama walima a shafa fatiha.

Matta kuwa ko addu'ar mamaci ta ƙi yarda a yi masa a coci. Duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ka ga kabarinsa?"

Da hantsi ta iso, ƙafarta futu-futu, ta tsuguna gefen tabarmar Alhaji.

"Alhaji, don girman Allah. In gonar nan ta tafi, me zan nuna wa Baban Atu in ya dawo?"

Alhaji ya kau da kai. "Baiwar Allah, da magajin gida nake ciniki."

Isaiah ya ce, "Matar yaya, tashi, kina ba mu kunya a cikin mutane."

Ba ta tashi ba. Ja da baya kawai ta yi, ta jingina da bango.

Aka ce Liatu ta yaye zane.

Ta yaye.

Jama'a! Kowa ya zuba wa hoton ido. Sannan aka ɓarke.

"Kai! Wancan ba malamin asibitin dabbobi ba ne? Ga shi da buhu a ka!"

"La ila! Ladidi mai tuwo! Yaushe kika fara ƙwadago?"

Ladidi ta kutsa ta duba, ta riƙe haɓa. "Ni ce wallahi! Da ɗankunnen bikina! Adewale, Allah ya isa, hoton nawa ka bayar?"

"Hajiya, sau nawa na aika miki ki zo ki karɓa?"

Wani ɗan kasuwa mai ji da kansa, wanda aka ɗauka da babbar riga da tabarau, ga shi Liatu ta duƙar da shi tsakanin kunya yana cira. Ya yi ta zage-zage, yara na bin sa da tafi. Alhaji kuwa, da ya ga kansa a tsakiya, ya fi kowa tsawo, ya fi motar ma tsawo, sai murmushi yake yana gyara hula.

"Ɗanasabe, yarinyar nan ta san girman mutane."

"Ranka ya daɗe, ai da mudu ta auna."

Sai wani ya nuna saman motar. "Ga Isaiah can! An mai da shi yaron mota!"

Aka sake fashewa da dariya. Ga shi kuwa zaune a kan buhuna, da hularsa, yana washe baki. Hannunsa ɗaya kamar ya shige cikin kaya.

Kowa na dariya. Ni Isaiah nake kallo.

Dillali ba ya kallon kaya, fuskar mai kaya yake kallo. Na ga mutumin nan ya yi fari fat. Idonsa ba a kan motar yake ba, yawo yake a cikin hoton, sama da ƙasa, kamar wanda ya yar da allura a cikin ciyawa.

Ya matso kusa da ni. "Malam Ɗanasabe, a kira mai unguwa mana a gama. Rana na yi."

"Ko shinkafa ba a sauke ba."

"Ina da uzuri."

Na ce a raina, yau akwai magana.

Ban gama wannan tunanin ba muka ji ƙara. Ba kuka ba, ba guɗa ba, wani abu tsakaninsu.

Matta ce. Ta taso daga jikin bango ta ratsa maza, ta dangwala yatsa a kusurwar hoton ta ƙasa, inda wani mutum yake tsaye auduga ta rufe shi zuwa ƙugu.

"Baban Atu!"

Isaiah ya yi tsalle. "Ke matar yaya, kin fara ko? Duk wanda kika gani sai ki ce shi ne."

"Ga tsagen gidanku a kuncinsa! Ga tabon ƙahon sa a girarsa, ranar da bijimin huɗa ya make shi, ni na wanke masa jinin!"

Wani dattijo ɗan Maska ya matso ya ƙanƙance ido. Ya ja da baya yana salati.

"Istifanus ne. Ko a lahira na gan shi na san shi."

"To sai me?" in ji Isaiah. "Tsohon hoto ne. Kafin ya tafi aka ɗauka."

Matta ta juyo. Muryarta ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi ihu ban tsoro.

"Isaiah, yayanka ya bar gida ba furfura ko ɗaya a kansa. Dubi gemun nan."

Muka duba. Fari sol.

Na ɗaga murya. "Adewale! Yaushe ka fara ɗaukar hoto?"

"Ni? Ana yaƙi ina makarantar firamare. Bayan yaƙi da daɗewa na sayi na'ura."

Wurin ya ɗauki "A'a! A'a!" Masu rabon shinkafa suka ajiye faranti suka taho.

Isaiah ya share gumi. "To in ma yana da rai, ni ina na sani? Mai hoto ya gan shi, ba ni ba."

Duk wannan abin Liatu na tsaye da kofin ƙaronta. Ba ta san Matta ba, ba ta san Isaiah ba, ba ta taɓa taka Maska ba. Sai ta dubi Isaiah, ta dubi saman motar, ta dubi kusurwar ƙasa.

Ta ce, "Baba Ɗanasabe, a ba ni ruwa da tsumma."

"Me za ki yi?"

"Mutanen nan biyu a takarda ɗaya na same su. Ni na raba su."

Alhaji ya miƙe. "Ke! Za ki ɓata min hoto ranar buɗe ofis?"

"Alhaji, abin da ƙaro ya kama ruwa na sakinsa. Zan mayar maka."

Ta jiƙa tsumma ta danna a saman motar. Ta sa bakin reza a hankali, a hankali, ta ɓamɓaro Isaiah daga kan buhuna. Sai ga shi ashe hannun ba cikin kaya ya shige ba, babu shi ne, an yanke daga kafaɗa. Ta sunkuya ta ɗaga ƙullin audugar da ta manna a kafaɗar Istifanus.

Akwai hannu a ƙarƙashi. Hannun wani, dafe da kafaɗarsa.

Ta ɓamɓaro shi shi ma. Ta ɗora guda biyun a kan teburin Alhaji, ta tura su da yatsa har suka haɗu.

Suka zauna daram, kamar ƙwarya da murfinta. Wa da ƙane, kafaɗa da kafaɗa.

"Haɗi ne!" in ji Isaiah. "Aikinta ke nan! Ba ga shi ta sa Ladidi ƙwadago ba? Kowa ma sai ta liƙa shi da kowa!"

Wallahi maganarsa ta so ta yi tasiri. Na ji wasu na cewa, "Haka ne fa."

Na sunkuya na dubi hannun nan da ke kan kafaɗa. Babu yanka tsakaninsa da rigar Istifanus, babu ƙaro, takarda ɗaya ce. Na ƙirga yatsun. Na sake ƙirgawa.

Na ce, "Isaiah, ɗan miƙo hannunka na hagu mu gaisa."

Ya tura shi cikin aljihu.

Dattijon nan na Maska ya ce, "Ba sai ya miƙo ba. Cindo ne. Da yatsa shida uwarsa ta haife shi, ni na je barka."

Na ɗaga guntun hoton sama kowa ya gani. Shida cif.

Adewale ya buga cinya. "Na tuna! Wallahi na tuna! Bara ne, a Malumfashi, ranar kasuwa, na kafa labulena. Ƙaramin hoto suka ce suna so na takardun fansho. Na ga 'yan'uwa ne, na ce bari in yi musu babba kyauta. Wannan ya dawo ya karɓi ƙananan, na ce ga babban, ya ce in riƙe zai aiko."

Matta ta tako har gaban Isaiah. Ba ta kai kafaɗarsa ba, amma shi ne ya ja baya.

"Bara."

"Matar yaya..."

"Bara ka dafa shi. Ka dawo ka ci tuwona. Ka zauna a coci kana jin ana ce min in haƙura."

"Rantsuwa ya sa na yi! Da Littafi Mai Tsarki a hannuna! A Matazu na yi kiciɓis da shi, ya ce in na faɗa miki bai yafe ba duniya da lahira!"

"Don me? Me na yi masa?"

Isaiah ya dubi Adewale. Adewale ya sunkuyar da kai.

Matta ta koma kan tebur ta ƙura wa hoton ido. Sai ta sa yatsa a inda ya ƙare.

"'Yar'uwa," ta ce da Liatu, "me ya sa kika yanke shi daga ƙugu? Ina sauran?"

Na faɗa muku tun a baya, Liatu ba ta zubar da guntu. Ko kunnen takarda ne sai ta jefa a wani tsohon gwangwanin alewa, ta ce wata rana zai yi ganye ko tsuntsu. Ranar ma yana ƙarƙashin hammatarta, don gyaran abin da ka iya ɓallewa.

Ta riƙe gwangwanin gam. "Mama, a bari sai mun shiga daga ciki."

"A nan aka sayar da ni, a nan zan gani."

Liatu ta buɗe. Ta tona, ta tona. Ta zaro wani guntu ta ajiye a ƙasan na farko, ta tura shi ya haɗu.

Keke ne. Irin mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu. Wandon soja an naɗe shi daga gwiwa, an ɗaure bakin da igiya. Duka biyun.



Liatu ta ce, tana hawaye, "Ban san shi ba, Mama. Fuskarsa na gani, na ce wannan manomi ne. Na ga bai dace da zaman keke ba. Sai na tsayar da shi a gona, na rufa masa auduga."

Isaiah ya ce, "Kin gani? Ya ce gara ki riƙe shi a ranki da ƙafafunsa. Yana can bakin kasuwar Matazu yana gyaran tocila da fitila."

Nan fa na ga ana neman a tausaya wa Isaiah. Ni kuwa akwai tambayar da ke cina.

"Isaiah, rantsuwar mun ji. Sayar da gonar fa, shi ya aiko ka?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake."

"Bai... bai sani ba."

Alhaji Ummaru ya cire tabarau. Mutum ne mai son ƙasa kamar ransa, amma ya fi son sunansa.

"Ɗanasabe, gonar mamaci ka ce min."

"Haka aka kawo min ita, ranka ya daɗe."

"To ba na sayen gadon mai rai. Mai unguwa, a sha ruwa a tashi, babu fatiha yau."

Matta ba ta ko waiwayi Alhaji ba. Ta tattara guntayen nan, ta ware na Isaiah ta ture shi gefe da bayan hannu, ta ƙulle biyun a bakin zane.

"Ƙafa na aura?" ta ce, ba da kowa take ba. "A gaban fasto da ƙafa na yi alkawari? Shekara da shekaru da nawa ƙafafun nake noman gonar nan. Sun ishe mu mu biyu."

Mata suka saki guɗa. Ladidi mai tuwo har da rawa, ta manta da Allah ya isanta.

Sai wani ya yi ihu daga bayan taro.

"Ai na san shi! Soja mai tocila! Kullum a gabansa muke sauke fasinja!"

Kwandastan ƙaramar motar haya ne da ke bin hanyar Malumfashi har Matazu, mutumin da bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Motarsu ta cika tun ɗazu, direba na ta danna ham.

"Bari in kai masa albishir! Yau akwai tukuici!"

Isaiah ya daka tsalle. "Ku tare shi! Ku tare shi don Allah! Ya rantse ranar da ya ji ta sani, ranar zai bar garin, ba wanda zai ƙara jin ɗuriyarsa!"

Muka fito da gudu. Ina! Sai hayaƙi. Kwandasta na maƙale a ƙofa yana ɗago mana hannu, yana dariya.

Na ji an kama min hannun riga. Matta.

"Baba Ɗanasabe, babur ɗinka da mai?"

"Rabin tanki."

"Tayar."

To ga lissafin ranar, tun da dillali ba ya tashi bai faɗi yadda kasuwa ta watse ba. Adewale ya ci, don kafin la'asar layi ya kai bakin titi, kowa na neman tsohon hotonsa kafin a sa shi ƙwadago. Liatu ta ci, sunanta ya riga ta isa Zariya. Alhaji ya faɗi gona, ga ramuka biyu a hotonsa, amma ya tsira da mutunci. Ni la'adata ta bi ruwa. Isaiah ya faɗi gona, ya faɗi wa, ya faɗi fuskar shiga Maska.

Matta ta ci gonarta, wannan babu mai ƙwacewa kuma.

Mijin kuwa, na wanda ya riga isa Matazu ne. Mota ta ba mu rata, ga rabin tanki, ga mace a bayana tana dukan kafaɗata tana cewa in ƙara wuta.

Muna fita Funtua na ji tayar baya ta fara lilo.